Neman shawara: ruwan madarar jariri ba ya hucewa da wuri cikin dare

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Yarona watansa uku, aiki aka yi min wajen haihuwarsa, ruwan nono bai wadata ba, shi ne likita ya ce mu haɗa masa da madarar gwangwani. Matsalar ta dare ce. Ƙarfe biyu zai farka, in ɗora ruwa a gas ya tafasa, sannan in zauna jiran ya huce, shi kuma yana tsala ihu kamar zai shiɗe. Jiya har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa tana tambayar lafiya. Ba mu da firji, wutar ma sai ta ga dama, ga zafin Kano na bana ko ruwan tanki ɗumi gare shi. Ina ta fifita da mafici ina hurawa, a banza. Ruwan fa bai fi mil 120 ba. Akwai dabarar da ba sai na kashe kuɗi ba?

Umman Walida: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Haidar, Allah ya raya. Yi irin na mai shayi mana: kofi biyu na silba, ki ɗaga wannan sama ki tsiyaya a wancan, ki mayar, kamar sau goma. Yanzun nan zai huce. Amma ki bar hurawar nan, ko a addini an hana hura abin sha, balle na jariri.

Anti Nas: Kafin a yi nisa, ƙanwata, wata tambaya: ruwan kike jira ya yi sanyi sannan ki zuba garin madarar? In haka ne, a nan gyaran yake. Garin madarar gwangwani ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba, akan samu wata mai suna Cronobacter da ke yi wa ƙananan jarirai mummunar illa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Wato ki tafasa, ki bar shi ya ɗan sarara, kada ya wuce minti 30, ki zuba a fida, ki auna garin, ki rufe ki girgiza. Madarar da aka riga aka haɗa ita ake sanyayawa, tana cikin fida a rufe. Dabarar mai shayi tana aiki, ban musa ba, amma ga shayin manya. Kowane juyi daga kofi zuwa kofi hanya ce ta shigar datti, ga ƙura ga hannu.

Maman Haidar: Innalillahi. Wallahi Anti ruwan nake bari ya yi sanyi tukuna. Babu wanda ya taɓa gaya min.

Abban Sadiq: To tunda fida ce a rufe, abin ya zo da sauƙi. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma na yi wannan tashin daren da 'yan biyunmu. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi nesa ba kusa ba, don haka mafici ba zai kai ki ko'ina ba. Ki tsoma fidar a ruwan randa. Sai dai inda mutane ke kuskure shi ne su sa ta a ɗan ƙaramin kofi. Ga lissafin: madara mil 120 mai digiri 70, in kika tsoma ta a ruwa mil 300 mai digiri 25, su biyun za su haɗu ne a wajen digiri 38, kuma kafin su kai can kin gaji da jira, domin ruwan kofin ya riga ya ɗumame. In kuwa lita 2 ne a roba ko ƙaramin bokiti, ko digiri 3 ruwan ba zai ƙaru da shi ba, zai ci gaba da jan zafin har ƙarshe. Na biyu, kada ki ajiye ki zauna kallo. Ki riƙe wuyan fidar kina juya ta cikin ruwan, kina ɗagowa kina girgizawa, don madarar tsakiya ta riƙa zuwa jikin bango. Ruwan ya tsaya ƙasa da murfi, kada ya taɓa kan da zai sa a baki.

Hajiya Babba: Ku yaran yanzu kun raina randa. Ki samu ta ƙasa mai kyau, ki ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi a inda iska ke bi, ki cika ta tun magariba. Tsatsafar da take yi a jiki ita ce sanyinta. Mu da muka reni goma wane firji muka sani?

Abban Sadiq: Gaskiyar Hajiya. Ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ta fi sanyi a bazara da hunturu, lokacin da iska take a bushe, in damina ta zauna kuwa sai sanyin nata ya ragu. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex a 2000, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya.

Maman Ilham: Ni kam ƙanƙarar fiya wata ɗaya nake saya da yamma in sa a kula, da dare in jefa ta cikin ruwan robar. A waje fa, ba cikin madarar ba. Amma in fidarki ta gilashi ce ki fara da ruwan randa kafin na ƙanƙara, tawa ta taɓa tsagewa a hannuna ƙarfe ukun dare, ga yaro na kuka ga madara a ƙasa.

Baban Khalifa: Me zai hana ta sirka da ruwan sanyi kawai?

Anti Nas: A'a Baban Khalifa. In ta sirka kafin ta zuba gari, zafin ya faɗi ƙasa da 70, an koma gidan jiya. In kuma ta ƙara ruwa a kan ma'aunin da ke jikin gwangwani, madarar ta tsinke, yaro bai ƙoshi ba. Maman Haidar, abin da zai rage miki wahala shi ne filas mai kyau, wanda ba a zuba shayi ko kunu a ciki. Ki cika shi da tafasasshen ruwa daf da kwanciya, amma in kin buɗe kin ga ba ya tururi sosai, sake tafasawa. Kafin ki ba shi ki ɗiga a cikin wuyan hannunki, ki ji ɗumi-ɗumi ba zafi ba. Wadda ta kai awa 2 a ajiye a zubar, haka ma ragowar da ya sha ya bari. Kuma ki ci gaba da sa shi a nono, ko yayin da madarar ke hucewa ne, tsotson shi ke ƙara kawo ruwan.

Maman Haidar: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na gwada: filas, sai bokitin ruwan randar surukata, ina juya fidar da hannu ɗaya shi kuma yana nono. Ko kukan kirki bai yi ba har ta huce. Hajiya, randar ki ce in saya babba ko 'yar madaidaiciya ta isa? Ɗakin namu ba fili.

Hajiya Babba: Madaidaiciya ta isa. Ki ƙwanƙwasa ta da yatsa kafin ki biya, in ta yi ƙara garau ba ta da tsaga.