Ɗana ya ce a wata yake so a yi masa bikin cika shekara biyar

Maman Haidar, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Haidar ɗina zai cika shekara 5 a ƙarshen Nuwamba in Allah ya kai mu. Tun ranar da kawunsa ya nuna masa bidiyon 'yan sama jannati a waya, yaron nan ba shi da zance sai na wata. Kwandon wanki ya koma kumbo, robar wanke shinkafa ta koma hular kwano. Shekaranjiya da magariba na iske shi a tsakar gida yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya a hankali, wai haka ake tafiya a can. Na ce me kake so ranar, ya ce, "Mama, a wata za a yi."

Bara a gadon asibiti ranar ta same mu, shi ya sa bana nake so in ga dariyarsa. Wata mai ado ta faɗa mini kuɗin da ya fi ƙarfina. Dubu arba'in na ware, yara za su kai goma sha biyar, falona ƙarami ne amma tsakar gida da fili. Ta ina zan fara?

Anti Binta, Gangare:
Wa alaikumus salam. Maman Haidar, ki bar maganar mai ado. Shekarata tara ina koyar da 'yan nazare, ban ga abin da ke riƙe su kamar kwali ba. Ki shiga Taminus wajen masu sayar da firiji ki nemi babban kwali, ki yanka ƙofa da taga zagayayya, ki naɗa takarda kamar mazurari ki ɗora a kai. Ga roka. Kada ki fente ta duka, ki bar gefe ɗaya su zana da kansu.

Wasa kuwa, ki zura zare a tsinken shan lemo, ki ɗaure daga ƙofar kicin zuwa igiyar shanya, ki hura balan-balan ki manna a jikin tsinken da salatif ba tare da kin ɗaure bakinta ba. Su ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ki saki. Za su ce a sake sau ashirin.

Abinci ki yi masa, wato waina. Ki dube ta da kyau, zagayayya ce, ga ramuka, wata ke nan. Cincin a yanka shi tauraro.

Malam Sabo, Unguwar Rogo:
Hajiya, ni abin da zan ƙara shi ne ki ba shi watan gaske. Kafin ki tsayar da rana, duba kwanan watan Musulunci. Daga 6 zuwa 10 ga wata, da magariba za ki same shi a sama, kuma a lokacin ne ramukansa suka fi fitowa a madubin hangen nesa, musamman a bakin da haske ya haɗu da duhu. Idan wata ya wuce 17, sai yara sun yi barci zai fito. Ko da ranar haihuwar ba ta dace ba, gara a matsar da taron. Nuwamba ruwa ya ɗauke a Jos, sai dai hazo, don haka a yi addu'ar sararin ya washe.

In Zara ta fito, ki gaya musu abin da kakanninmu ke cewa, Zara matar wata, sannan ki ce ita ma duniya ce mai zagaya rana. Ki kuma gaya wa Haidar cewa Neil Armstrong ya taka wata a Yulin 1969, kuma Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam ɗinta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Hukumar sararin samaniya tana Abuja, tana da cibiya a nan Jos. Ya san abin bai yi masa nisa ba. Madubin kada ya shiga hannunsu sai rana ta faɗi, kallon rana da shi na makantarwa.

Hajiya Umma, Titin Bauchi:
'Yata, Allah ya raya shi. Tunda daga ciwo ya tashi, a fara da addu'a, a fitar da masar maƙwabta sadaka. Balan-balan mai tashi sama da ake sayarwa a titi kada ta matso kusa da kyandir, wasu iska mai kama wuta suke ɗura mata. Wadda ta fashe a tsince nan take saboda masu rarrafe. A ce wa iyaye su sako musu rigar sanyi.

Maman Haidar, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba kalanda, ranar ta faɗo ƙarshen watan Musulunci, don haka Baban Haidar ya yarda mu matsar zuwa Asabar ta gaba da ita. Anti Binta, kwalin na samu yau, yana bayan ƙofar ɗakina na lulluɓe shi da zani. Saura madubi. In akwai mai shi a Rikkos ko Gangare ya taimaka mini da aro na dare ɗaya, zan aiko a karɓa.