Manna faranti a kwanon kiran talo-talo: me kuka gani da hannunku?

Mai tambaya daga jihar Fensilbaniya ta Amurka:
Assalamu alaikum. Na sassaƙa kwanon kiran talo-talon daji da itacen ceri, irin wanda mafarautan Amurka suke gogawa da ɗan sanda a lokacin bazara domin ya fitar da kukan macen, namiji ya ji ya matso. Na manna farantin dutsen allo mai faɗin inci 3.5, wanda a kansa ake goga sandar, a saman kwanon da gam mai kamawa nan take, amma kafin wata biyu gefe ɗaya ya ɗago, muryar kuma ta koma kamar ta fasasshiyar ƙwarya. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Amsa daga Ohayo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma na yi asarar kwano biyu ta haka. Itace yana kumbura idan iska ta yi laima, ya tsuke idan ta bushe, shi kuwa dutse ba ya bin sa, saboda haka gam ɗin da ya sandare dole ya saki, ko kuma farantin ya tsage. Tun da na koma amfani da wani gam mai suna E6000, wanda yake zama kamar roba bayan ya bushe, ban sake ganin wannan ba. Ka kuma bar 'yar tazara a kewayen farantin, kada bakinsa ya dafe da bangon kwanon.

Amsa daga Jojiya:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni yawan gam ne ya cuce ni, domin ya malala ya ɗiga a kan ƙaramin farantin ciki mai amsa amo, muryar ta dushe gaba ɗaya. Yanzu da sirinji nake zana siririn layi a kan matakin da farantin dutsen zai zauna, ba tare da ya yanke ba, bayan na goge ƙasan dutsen da sipirit. Ba na barin man shafe itace ya taɓa matakin nan. Ina ɗora gwangwanin tumatir a sama, ba abu mai nauyin da zai matse gam ɗin ya fice ba, sannan in jira awa 72 kafin in goga sanda.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai na shafa wa matakin mai kafin in manna, kuma na gwada kiran tun a ranar. Yau zan cire farantin in kankare wurin har itacen ya fito fes.