Kunnen saitin ukulele yana sulluɓewa: a gyara ko a canza?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙaramin ukulele ne (ɗan jita mai tsirkiya huɗu), samfurin soprano, mai kunnuwan da ba su da giya, matsi ne kawai ke riƙe su. Da an ɗaure tsirkiyar A an saki kunnen sai ya koma baya. A sa masu giya ne? Sannan kai mai tsaga biyu, irin na jita mai tsirkiyar nailan, yana da wani amfani ko ado ne kawai?

Mai_Gyaran_Jita:
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka sayi komai tukuna. A gindin kowane kunne akwai ɗan sukuru, shi ke matse wosha a jikin katakon. Ƙara masa rubu'in murɗi da sukundireba, ka gwada, in bai tsaya ba ka ƙara wani rubu'in. In ka matse da yawa kunnen zai riƙa tafiya da tsalle, wani lokaci ma robar ta tsage.

Amma ka tabbata kunnen ne mai laifin. Yi masa alama da fensir. In sauti ya sauka alamar ba ta motsa ba, tsirkiyar ce ke miƙewa, kuma sabuwar nailan takan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ta zauna. Ko kuma naɗin ne: zagaye uku ko huɗu ya isa, kowane zagaye a ƙasan na baya, kada su hau juna.

Tsirkiya4:
In gyaran ya ƙi, ga lissafin. Kunnen matsi 1:1 ne, duk abin da yatsa ya murɗa shi sandar da tsirkiya ke naɗuwa a kai ta murɗa, shi ya sa motsi kaɗan ke wuce da kai. Masu giya da ke fitowa ta gefe yawanci 14:1 ne, wato sai an murɗa kunne sau 14 sandar ta zagaya sau ɗaya, saiti da su ba wahala. Matsalarsu nauyi. Jikin soprano ba shi da nauyin a zo a gani, sai ka ga kai yana rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma tallafe wuya maimakon danna tsirkiya. Ga shi sukan ɓata masa fasali, kamar an dasa masa kunnuwan zomo.

Ni dai a soprano na fi son masu giya a ciki, irin Gotoh UPT, 4:1. Suna kallon baya kamar na matsi. Sai dai suna son rami mai faɗin milimita 10, don haka sai an faɗaɗa na da. A yi da rima, wato ƙarfen faɗaɗa rami mai tsini, da hannu, kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Injin huda yakan fizgi bakin ramin ya ɓalle katako. A auna kaurin kan kafin a saya, domin akwai mai doguwar sanda na kai mai kauri.

Kafinta_Sauti:
Batun kai mai tsaga: ba ado ne zalla ba. Sandunan suna kwance cikin tsagar, tsirkiya takan sauko da kwana mai ƙarfi, ta danne ɗan jakin da ke bakin wuya (wanda tsirkiyoyi ke hawa kansa) sosai, zizar da ake ji a nan ta ragu. Amma dole katakon ya fi kauri, kuma sai dai kunnuwan gefe, ba zaɓi. Canza tsirkiya ma ya fi cin lokaci, in naɗin ya karkace sai ta riƙa gogar bangon tsagar. A tenor, wanda ya fi soprano girma, ya dace. A soprano wahalarsa ta fi amfaninsa. Masu cewa yana ƙara daɗin sauti, kunne da kyar yake rarrabewa.

Mai_Gyaran_Jita:
Ƙari a kan maganar Malam Tsirkiya4: duk wanda zai sa masu giyar gefe, ya fara huda siririn rami kafin ya ɗaura ƙananan sukurorin, in ba haka ba kansu yakan karye a cikin katako. Kuma in ana jin "ƙis" lokacin saiti sauti ya yi tsalle, ramin jakin ne ya riƙe tsirkiya. A goga masa bakin fensir. Kullum a sassauta ƙasa da sautin da ake nema, sannan a ɗaure a hau zuwa gare shi.