Wace kalma za mu ba wa encryption da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara da marubuta. Na daɗe ina ganin ana fassara kalmar Turanci encryption, wato juya saƙo yadda ba mai iya karanta shi sai wanda aka nufa, da "ɓoyewa" ko "sirrantawa", kuma ina ganin dukkansu biyun suna ɓatar da mai karatu, shi ya sa na kawo maganar nan domin mu daidaita a kan kalma guda.

Matsalar "ɓoyewa" ita ce saƙon da aka yi wa wannan aiki ba a ɓoye yake ba. Yana bin hanyar intanet a fili, kowa na iya tare shi, sai dai abin da zai gani tarin haruffa ne da lambobi marasa ma'ana. Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp yake yi wa saƙonni haka daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, amma duk da haka ana iya sanin wace lamba ce ta tuntuɓi wace, kuma a wane lokaci. Wanda aka gaya wa cewa an "ɓoye" saƙonsa zai saki jiki, yana zaton babu wata alama da ya bari, alhali irin waɗannan alamu ne kamfanoni ke tarawa da yawan gaske suna nazarin halayen mutane. "Sirrantawa" kuwa ta riga ta yi kaya da yawa, domin da "sirri" muke cewa kalmar sirri, da ita kuma muke maganar kare sirrin mutum.

Shawarata ita ce mu ɗauko zaurance. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda yara da samari kan juya gaɓoɓin kalma ko su cusa wata gaɓa a tsakani, "kuɗi" ya koma "ɗiku", su yi hira a gaban babba yana ji da kunnensa amma bai gane ba. Ainihin abin ke nan: ana ji, ba a fahimta. Sai mu ce an zauranta saƙo, aikin kansa zaurantawa, maido da shi kuma warware zaurance, abin da ake warwarewa da shi mabuɗi.

Na san za a ce zaurancen yara ba shi da ƙarfi, wanda ya kasa kunne kwana biyu zai kama shi. Gaskiya ne, amma haka fannin ya faro a ko'ina. Yuliyas Kaisar, shugaban Rum na dā, yakan gusar da kowane harafi gurbi uku a jerin haruffa, kuma a ƙarni na 9 al-Kindi, wani masani Balarabe, ya nuna a Bagadaza cewa ƙidayar yawan maimaituwar haruffa tana tona irin wannan rubutu. Bambancin da ya kamata mu riƙa bayyanawa shi ne, zaurancen gargajiya sirrinsa yana cikin dabarar, na zamani kuwa, kamar tsare-tsaren kwamfuta da ake kira RSA na 1977 da AES na 2001, dabararsa sananniya ce ga kowa, mabuɗin kaɗai ake tsarewa. Inda ake tsoron ruɗani sai a ce zaurancen lissafi.

Abin da ya rage mini shi ne na ji daga mutanen Damagaram da Maraɗi da Sakkwato ko kalmar tana da wannan ma'ana a bakinsu, kafin mu fara sa ta a rubutu.