Musayar waƙa: Jesse Owens da zinarensa huɗu

Malamar Aji Shida:
Salam 'yan uwa, yaran ajina ne suka matsa min sai na ba su labarin baƙar fatar da ya yi nasara duk da wariya, nace bari mu yi na Jesse Owens, ɗan tseren Amurka, da waƙa sun fi riƙewa. Amsa-amo "ya" ne, na buɗe:

A Alabama aka haifi Owens,
Jikan bayi, gonar auduga, shan wuya.
Suka yi ƙaura Ohio yana yaro,
Nan ƙafarsa ta samu hanya.

Ɗan Tudu:
Na karɓa Malama.

1936, Olamfik a Barlin,
Hitla na cika baki gaban duniya,
Wai jininsu ne a saman kowa,
Sai ƙafar Owens ta tona ƙarya.
Mita 100 a daƙiƙa 10.3,
Kan ka ce kwabo ya bar su a baya.
Mita 200, dogon tsalle, miƙa sanda,
Zinare huɗu ya rataya a wuya.

Uwar Biyu:
Ɗan Tudu ka manta mutum ɗaya, adalci dai.

Luz Long Bajamushe ya zo na biyu,
A tsalle, bai riƙe shi a zuciya,
Gaban manyan Nazi ya rungume shi,
Ba tsoro, ba jin kunya.

Baban Khalifa:
Hmm ku kuna ta Hitla, ni abin da ke ci min rai na gida ne wallahi.

Ya dawo New York ana ta tafi,
Liyafarsa ce a otal na manya,
Lif ɗin mutane aka hana shi hawa,
Sai da ya bi lif ɗin kaya.
Shugaba Roosevelt bai kira shi ba,
Ko saƙon barka bai aika ba ɗaya.
Har tsere ya yi da doki don abinci,
Gwarzon duniya, kai tsiya!

Ɗan Tudu:
Baba baitinka na shida ya ɗan yi ɗingishi fa, amma mun yafe hhh.

Shekara 40 sannan suka farka,
1976 Shugaba Ford ya gyara tafiya,
Ya ba shi lambar yabo ta ƙasa,
1980 Owens ya bar duniya.

Malamar Aji Shida:
Allah ya saka, na kwafe duka. Gobe da safe zan ari tef ɗin tela mu auna mita 8.06 a filin makaranta, tsallen da ya yi kenan a Barlin, in ga wanda zai kai ko rabi cikinsu.