Kolcisin na tayar da kwafar DNA a ƙwayoyin fata, ko awo ne ke ruɗi?

Ɗalibar Lab: Assalamu alaikum malamai. Kolcisin maganin tsayar da rabuwar ƙwayar halitta ne. To ta yaya ake cewa yana tayar da kwafar DNA a fibroblas na fata (ƙwayoyin da ke samar da zaren naman fata)? Kuma wane tsari ya dace a bi don gwada hakan?

Malam Tubulin: Wa'alaikumus salam. Tsayar da rabuwa daban, shiga kwafar DNA daban. Crossin da Carney sun nuna a 1981 cewa idan aka wargaza maikrotubul (ƙananan bututun cikin ƙwaya da aka gina da furotin tubulin, waɗanda kolcisin ke wargazawa) a fibroblas da aka kwantar ba tare da siram (ruwan jinin da ake ciyar da ƙwayoyi da shi) ba, wasu sukan fara kwafa, maganin taksol kuwa, da yake ƙanƙame maikrotubul ɗin yake yi, yakan hana. Wargajewar tana sakin furotin GEF-H1, shi kuma ya kunna RhoA, furotin mai isar da saƙo a cikin ƙwaya. Ki kwantar da ƙwayoyin awa 48 a siram kashi 0.5 cikin ɗari, ki sa maganin, ki auna wajen awa 20 zuwa 24. Kada DMSO, ruwan da ake narkar da magani a ciki, ya wuce kashi 0.1.

Mai Madubi: 'Yar'uwa, ki kula da ma'aunin. Kolcisin kansa yana rage shigar taimidin (sinadarin ginin DNA da ake auna kwafa da shi) cikin ƙwaya, saitokalasin B (maganin da ke taɓa zaren aktin na ƙwaya) ma haka, har gulukos yake tarewa. Sai adadi ya faɗi alhali kwafar ba ta ragu ba. Ki sa lumikolcisin, wato kolcisin da haske ya sauya, a kwano guda: ba ya kama tubulin, amma yana tare shigar. Idan shi ma ya rage adadin, ba maikrotubul ba ne sanadi. EdU, makwafin taimidin da ake rina sabuwar DNA da shi, ma ta ƙofar nan take shiga, don haka ƙirga cibiyoyin da suka rinu ya fi auna ƙarfin haske. Maikromola 10 na awa 2 ya wadatar. In za ki gwada aktin kuwa, saitokalasin D ya fi tsabta. Yakan tsayar da fibroblas lafiyayye a G1, matakin da ke gabanin kwafar DNA.

Hajiyar Keratin: Kada a ɗora sakamakon fibroblas a kan keratinosait, ƙwayoyin saman fata, don Allah. Su idan aka toshe musu rabuwa sukan karkata zuwa balaga, wato rikiɗa zuwa cikakkiyar ƙwayar saman fata, wasu su sake kwafar DNA ba su rabu ba, cibiya ta kumbura. Ki riƙe kalsiyam ƙasa da milimola 0.1, in ba haka ba shi zai balagar da su ki ɗora wa magani. HaCaT kuma, keratinosait ɗin da ake rainonsa a lab, p53 ɗinsa (furotin da ke taka wa rabuwa birki) ya lalace, ba zai tsaya inda na jikin mutum ke tsayawa ba.