Na buga daga gaban alama, an ba ni kyauta, yanzu yaya zan yi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. Wata 14 ke nan da na fara golf. Likita ne ya ce in riƙa tattaki saboda ciwon sukari, maigidana na wurin aiki kuma shi ya kai ni kulob, shi ya tsaya min har aka yi min rajista, jakar sandunan da nake ɗauka ma tsohuwarsa ce. To, ranar Asabar aka yi gasar wata, irin ta ƙirga bugu (wanda jimlar bugunsa ta fi ƙanƙanta shi ne ya ci), aka haɗa ni tafiya ɗaya da shi, shi ke rubuta min katin bugu. A rami na 1 ina gyara tsayuwa sai kan direba (sandar bugun nesa) ya taɓa ƙwallo ta faɗo daga tsinken da ake ɗora ta a kai, na mayar na buga, ban ƙirga ba. A rami na 7 kuma wurin duk an farfashe shi, ƙasa ta bushe ƙamas, tsinke ya ƙi shiga, sai na matsa inda ke da 'yar ciyawa. Daga baya aka ce min na wuce alamomin wurin fara bugu da kamar taki ɗaya. Na zo na biyu, an miƙa min kyauta a gaban jama'a. Don Allah, haƙƙin wani na ci?

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Na rami na 1 ka cire shi daga ranka. Ba ka yi niyyar bugu ba, ƙwallo ba ta shiga wasa ba, Doka ta 6.2b ta dokokin golf ta ba ka damar mayar da ita ba tara. Da kai sanda ka yi da niyya ka kuskure ta, wannan bugu ɗaya ne. Na 7 shi ne magana. Wurin farawa fili ne mai kusurwa huɗu: gabansa layin da ya haɗa bakin alamomin biyu, zurfinsa tsawon sanda biyu zuwa baya, da sandarka mafi tsawo ban da fota (sandar tura ƙwallo cikin rami). Baya kake da fili, Malam, gaba ko faɗin yatsa babu. A gasar ƙirga bugu tarar bugu 2 ce, sannan dole ka dawo ka sake daga ciki. Tunda ka buga a rami na 8 ba ka gyara ba, ka fita daga gasar. Ka mayar da kyauta gobe.

Maman Sadiq:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ma'aikatan fili ne. A namu kulob ɗin sai su dasa alamomi a karkace suna kallon daji, kuma an ce ba ka da ikon gusar da su kafin ka buga. Alamomin mata kuwa sai su yi mako biyu a wuri ɗaya, duk ramuka. Mun kai ƙara sau uku.

Baban Ummi:
Ranka ya daɗe Kyaftin, ba don in rage nisa na matsa ba. Taki ɗaya me zai ƙara a rami mai tsawo haka? Kuma ƙafafuna suna bayan layi.

Tsohon Kyaftin:
Doka ba ƙafarka take kallo ba, ƙwallo take kallo. Kana iya tsayawa can waje gaba ɗaya muddin wani ɓangare na ƙwallon yana ciki. Ƙasa ta yi tauri? An yarda ka danna ta, ka tona, ka tara yashi ka ɗora ƙwallo a kai, ko ka ajiye ta a ƙasa ba tsinke. Hanya ba ta ƙare maka ba.

Ɗan Jos:
Kai, an cika tsanantawa. Ni da abokina in muna karon mutum biyu, wato wanda ake cin rami-rami, hakan ta faru, ba tara, sai dai ya ce in sake, in ya yi shiru kuma shi ke nan. Maigidanka yana tsaye bai ce uffan ba, ya sa hannu a kati. Ka ci abinka. Ni da na makara minti 3 a bara aka ɗora min bugu 2, wanda ya kai ni ƙarar kuwa kullum sai ya tsayar da mutane yana waya.

Tsohon Kyaftin:
Wancan wasa daban, wannan daban. A karon mutum biyu haƙƙin abokin karawarka ne, yana iya yafewa. A ƙirga bugu haƙƙin duk wanda ya shiga gasar ne, har da wanda ya zo na uku.

Malamar Lissafi:
Kyaftin, da ɗan gyara. An riga an rufe gasar. A Doka ta 20.2e, bayan rufewa ba a hukunta mutum kan irin wannan sai in ya san ya karya dokar kafin a rufe. Don haka Baban Ummi, wa ya faɗa maka, kuma yaushe? "Daga baya" ɗin nan shi ne duk maganar.

Baban Ummi:
Yaron da ke ɗaukar min jaka ne. Ya raɗa min muna tafiya, ina ga wajen rami na 9, ko kafin nan. Amma ban ɗauka babban abu ba ne. Kuma ku duba, in na je wurin kwamiti kamar na ce maigidana ya sa hannu a kan abin da ba daidai ba. Mutumin da ya yi min komai. Yaron ma ina tsoron kada a hana shi aiki a ce ya cika surutu.

Malamar Lissafi:
To ka faɗa wa kwamiti yadda ka faɗa mana, su yanke. Amma ka fara samun maigidan naka a keɓe.

Tsohon Kyaftin:
Ba sai an yi doguwar shawara ba. An gaya masa tun kati yana hannunsa.

Baban Ummi:
An gaya min na wuce layi, ba a gaya min kora ce ba. Kyautar tana cikin mota ban ko buɗe ta ba. Akwai wanda ya taɓa mayar da kyauta a nan? Yaya mutane suka kalle shi bayan nan?

Maman Sadiq:
A kulob ɗinku kwana nawa suke yi kafin su canza wa alamomi wuri?